Numfashin Ɗan Farin Saratu

Cikin duk kwanakin da na yi ina wannan aiki, akwai ranar da ko tsufa ya kwashe min sauran ba zai iya ɗauke ta ba, ranar da anka kawo min jinjiri Bello karo na uku. Ku da kunka fito makaranta jiya-jiya, kuna yawo da abin sauraren ƙirji a wuya awa sarƙar biki, ku gyara zama. Ke mai latsa waya, har da ke nake.

A lokacin ina ƙaramin asibitinmu na yankin Marnona, ni ce babbar ma'aikaciyar jinya mai riƙe da wurin. Ga wanda bai san tsarin ba, irin wannan asibiti ba shi da likita zaunanne. Mu ke awon ciki, mu karɓi haihuwa, mu yi allurar rigakafi, mu ba da maganin zazzaɓi da na gudawa. Likita kan zo mana daga Wurno ranar Laraba, in hanya ta bar shi. Abin da ya fi ƙarfinmu mu ajiye masa, abin da ya fi ƙarfinsa shi tura Sakkwato.

Bazara ce, ana tsakiyar cire albasa. Ina ɗakin awo na jiyo ƙarar tun daga baranda, kafin in ga mai ita. Wani irin gurnani ne haɗe da fito, in ya ja numfashi a ji, in ya sake shi a ji. Na san ko wane ne, don sau biyu ana kawo shi. Da farko na ɗauka limoniya ce, na ba da maganinta. Zuwa na biyu likita ya ce a gwada na asma. Ko ɗaya bai yi masa komai ba, ga yaro ya kusa wata huɗu amma jikin bai kai na ɗan wata biyu ba.

Kakarsa ce ta goyo shi, Inna Kulu, uwar mahaifinsa, doguwar tsohuwa wadda ba ta tauna magana. Uwar yaron kuwa, Saratu, tana can bakin ƙofa ta kafa wa bango ido. Bello ɗan farinta ne, kuma sunan surukinta ya ci, Malam Bello. Kun dai san al'adarmu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa gaban mutane, ba a ma nuna an san da zamansa. Ga kuma nauyin sunan suruki a kai. Saboda haka duk tambayar da na yi a baya, Inna Kulu ce ke amsawa.

Ban gama gaishe ta ba ta kwance goyon ta dire min shi bisa tebur.

"Malama, ga aikinki nan. Lafiya lau yaz zo gidanmu. Tun randa kinka soka mai allura a cinya ba mu sake barci ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji kunnena na zafi. Allurar mako shida ce take nufi, kuma da ita na yi wa sauran jariran unguwarsu rana ɗaya, duk suna nan garas suna tsotson nono. Amma na haɗiye, na ce Allah shi ba shi lafiya, na buɗe bakin yaron.

Don ni ma da nawa zargin. Belu nake dubawa, ɗan naman nan da ke reto a can cikin baki, wanda wanzami ke cirewa cikin kwanakin suna. Na sha ganin inda aska ta zarce, wurin ya kumbura ya yi ruwa. Nasa an cire, amma ya warke sarai. Na sansana rigarsa ko an turara masa wani abu. Na tambaya ko an ɗura masa jiƙo. Inna Kulu ta rantse ba abin da ya shiga bakinsa sai nono da rubutun kakansa. Ban yarda ba. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da mutanen nan ke ɓoye min. Ita kuma ta tsare hannuna da ido, ko auduga na ɗauka sai ta ce ta mi ce ce.

Abu ɗaya na lura da shi. Jikinsa ba zafi. In na kwantar da shi, sai ya banƙare wuya ya tura ƙeya baya, nan take ƙarar ta yi sauƙi. Inna Kulu sai ta sa hannu ta tanƙwaso kan, wai kada wuyan ya saba, ƙarar kuma ta dawo fiye da da. Duk sanda ta yi haka, sai in ga hannun Saratu ya damƙe gefen mayafinta. Ba ta juyo ba, amma ni na gani.

Ranar ta dace da Laraba. Likita ya zo, yaro ne mai haƙuri, ya daɗe yana sauraren ƙirjin. Da ya ɗago, tambaya ɗaya ya yi: yaushe ƙarar ta fara? Ya ce min in daga baya ta zo, to ciwo ne ya shiga, sai mu ci gaba da neman maganinsa. In kuwa da ita anka haife shi, to halitta ce, wani abu ne ke danne hanyar iska daga ciki, kuma duk kabad ɗinmu babu ƙwayar da za ta taɓa shi. Inna Kulu ta ce bayan allura. Ya juya ga Saratu ya ce ai ita ce uwa, mi ta gani? Ta ja mayafi ta rufe baki. Inna Kulu ta yi wata busasshiyar dariya, ta ce ba su auro marar kunyar da za ta zauna tana zancen ɗan fari ba.

Likita ya ce ko ma dai yaushe ne, a kai shi Sakkwato a yi hoto. Tsohuwa ta saɓa jikanta a baya ta ɗaure zane.

"Kun soke shi nan, kuna son ku kai shi birni ku ɓad da sawu. Ba da ni ba."

Abin ya tsaya min a rai. Ina wanke kayan aiki ina juya maganar, sai na tuna Saratu ba a nan ta haihu ba. Goyon ciki ta tafi gidan iyayenta a Lahodu, can ta haihu, can ta yi wanka, sai da ta yi arba'in ta dawo. Arba'in kuwa da allurar mako shida mako ɗaya suke faɗowa. Ashe Inna Kulu ba ƙarya take yi ba. Ranar suna ta gan shi cikin hayaniyar mata, amma ba ta kwana gida ɗaya da shi ba sai makon da na yi masa allura. Mutum ɗaya ce ke tare da shi tun farko, ita ce kuma al'ada ta ɗaure wa baki.

Washegari da la'asar na tafi gidan, wai zan sayi albasa. Na taki sa'a Inna Kulu ta fita barka da yaron a bayanta. Na iske Saratu bayan ɗaki tana tsince ruɓaɓɓu daga albasar da za a zuba a rudu, rumbun ajiyarta. Na ja kujera na zauna ina taya ta. Ban ce Bello ba, ban ce ɗanki ba, don na san in na faɗa ta rufe ke nan. Sai na ce akwai wata ƙanwata da ta haihu a Lahodu, yaron na ƙara a ƙirji, ko ta ji labarinta?

Ta daɗe tana juya albasa ɗaya a hannu.

"Na ji. An ce tun kukan farko yaz zo da ita. Ba a kai ga wanzami ba, balle allura."

Daga nan magana ta ɓalle. Ta ce uwar matar ta ce ruwan haihuwa ne ya shaƙa, zai wuce, kada ta ɗaga wa mutane hankali. Ta ce matar ba ta kwanciya tun da ta haihu, jingina take da bango ta ɗora wuyan yaron bisa dantsenta kan ya koma baya, don haka kaɗai yake samun barci. In yana shan nono sai ya sarƙe. Sau biyu leɓensa ya yi baƙi ƙirin, ta hura masa iska a fuska har ya dawo, ba ta gaya wa kowa ba. Tana faɗi hawaye na zuba, ta ce albasa ce, alhali ko ɗaya ba mu yanka ba.

Na ce mata wannan magana gaban Malam Bello ya kamata ta fito, don shi ke da ikon cewa a tafi. In daga bakina ta fito, cewa za a yi ina wanke kaina ne. Ta dube ni karo na farko ta ce, "Malama, da wane baki?" Na taso ina jin haushinta, ina jin haushin Inna Kulu, ina jin haushin al'adar da ni kaina har yau ban kiran sunan ɗiyata ta fari.

Ba a yi kwana uku ba wata maƙwabciyarsu ta zo awo, take gaya min Inna Kulu ta aika a kira wanzami, wai belu ne ya sake tsirowa, yau za a ƙara cirewa. Na bar wa mataimakiyata asibiti na hau kabu-kabu, ko farar rigar ban tsaya tuɓewa ba.

Na iske Malam Bello zaune bisa buzu a inuwar darbejiya, carbi a hannu. Wanzami ya buɗe zabira yana wasa aska. Isa, uban yaron, na tsaye gefe yana kallon ƙasa, don shi ma kunyar ɗan fari ta kama shi, ga shi kuma ba ya ƙetare maganar iyayensa. Na durƙusa na gaida Malam, na ce Baba a dubi girman Allah a dakata, yaron nan hanyar iskarsa a matse take, in jini ya zubo ciki ba zai iya ba. Na ce ina da yaƙinin da ƙarar anka haife shi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce a hankali:

"Ɗiyata, ke ake zargi, ke kuma za ki zama shaida?"

Inna Kulu ta zauna ta matse yaron a cinya, ta tanƙwaso kansa ta riƙe haɓar tana jiran wanzami. Ya fara kuka, kukan ya koma gurnani, gurnanin ya yi sama ya yi sama, sai ya ɗauke. Na ga leɓen ya fara duhu. Na zabura, amma Saratu ta riga ni. Daga ɗaki ta fito ko mayafi babu, ta zare shi daga hannun surukarta, ta ɗora wuyansa bisa dantsenta kan ya koma baya, ta shiga hura masa iska a fuska. Sai ga ƙarar ta dawo. Wallahi ban taɓa murnar jin mummunan sauti irin na ranar ba.

Na zaci za ta ruga ɗaki. Sai ta tako har gaban buzu ta durƙusa da yaron a hannu.

"Baba, ku gafarce ni. Ɗana ne, ni na haihe shi. Da wagga ƙara Bello yaz zo duniya. Ba allura ba ce, ba belu ba ne. In anka sa mai aska yau, ba shi kwana. A bar ni in kai shi."

Ta kira sunan gaban mai sunan. Inna Kulu ta dafe baki. Wanzami ya goge askarsa a cinya ya mayar cikin zabira. Malam Bello ya yi ta jan carbi har na fara fid da rai, sannan ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ya umarci Isa ya nemo mota. Ya juyo gare ni ya ce ni kuma ƙafata ƙafarsu, in akwai abin da munka ɓoye, a gabana za a tone shi. Nan na gane ba rakiya zan tafi ba, jingina anka riƙe ni. Inna Kulu ta ce ita ma ba a bar ta baya.

A babban asibiti a Sakkwato, likitan yara ya fara da tambayar nan ɗaya, yaushe ta fara. Wannan karon Saratu ce ta amsa, kanta a ƙasa. Anka yi hoton ƙirji, ya nuna huhu ɗaya ya cika da iska fiye da ɗan'uwansa, alamar iska na shiga ba ta samun fita sosai. Anka yi hoton zuciya, irin wanda ake shafa mai a goga na'ura, mai hoton ya yi ta neman wata jijiya bai same ta inda ya kamata ba. Sai anka shigar da shi babban injin hoto mai zagaye, bayan an sa masa wani ruwa a jijiya da ke haska hanyar jini. A nan gaskiya ta fito.

Likitan ya zana mana a takarda. Babbar jijiyar da ke ɗaukar jini daga zuciya zuwa huhu kan rabu biyu, reshe ɗaya dama, ɗaya hagu, duk ta gaban bututun iska. A jikin Bello reshen hagu bai fito daga mazauninsa ba. Daga reshen dama ya tsiro, ya zagaya ta bayan bututun iska kafin ya kai huhun hagu, shi ne ya shaƙe shi. In yaron ya tura kai baya bututun ya miƙe ya ɗan buɗe, in an tanƙwaso shi ya matse. Ya ce abu ne da ba a cika gani ba, ma'aikaci na iya ƙare aikinsa bai gamu da shi ba.

Inna Kulu ta ƙura wa zanen ido, ta ce, "Awa wake ya naɗe karan gero." Likita ya ce ta fi shi iya bayani. Ta tambaya to wa ya naɗe shi? Ya ce haka Allah ya halicce shi tun yana ciki, ba allura ba ce, ba aska ba ce, ba kuma wani abu da uwar ta ci ba. Ta kalle ni ta gefen ido. In kuna jiran ku ji ta ba ni haƙuri, za ku daɗe. Cewa ta yi, to, mu gani.

Aikin ba a nan ake yinsa ba, sai wani asibiti mai nisa inda likitocin fiɗar zuciyar yara suke, tafiyar yini guda cur. Dangi da wasu bayin Allah sunka rufa asiri. Malam Bello ya aiko cewa har yanzu bai sallame ni ba, sai na ɗauki hutuna na bi su, na zama tafinta, don mutanen can ba su jin Hausa. Kafin aiki sunka zura ɗan madubi mai fitila cikin bututun iskan. Anka yi sa'a shi kansa bututun ba shi da tawaya, ya dai yi laushi inda jijiyar ta danne shi. Da a ƙuntace anka halicce shi, da sai an yanka an faɗaɗa, kuma wannan ya fi haɗari.

Babban likitan ya yi bayani ina fassarawa. Za a buɗe ƙashin ƙirji. Wani inji zai karɓi aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci. Za a yanke reshen daga inda ya tsiro, a zaro shi daga bayan bututun, a ɗinke shi a gaba inda ya kamata tun farko. Bai ɓoye ba, ya ce ana iya rasa yaron a kan tebur, amma in an bar shi, mura ɗaya mai ƙarfi na iya tafiya da shi. Inna Kulu ta sa ni in tambaye shi ko duk abin da sunka ciro za su mayar, don ta ji ana sace sassan mutane. Na ji kunyar fassarawa, amma na fassara. Bai ji haushi ba. Ya ce ba abin da za a cire, wuri kawai za a sake wa jijiya. Na ce mata dashe ne, Inna, irin na albasa. Ta ce in dashe ne ta san dashe, kuma ba kowane ke kamawa ba.

Saratu ce ta ɗauke shi da kanta har ƙofar ɗakin tiyata. Tun hantsi muke zaune har bayan la'asar. Isa na ta kai da kawo, Inna Kulu na lazimi tana harara duk mai koren kaya da ya gifta. Da likitan ya fito ya ce dashe ya kama, jini na tafiya huhun hagu yadda ake so, Saratu ta zame daga benci ta kifa goshi a ƙasa. Yaron ya yi kwanaki inji na taya shi numfashi, sannan anka cire. Ƙarar ba ta tafi nan take ba. Sun ce sai bututun ya yi ƙwari, a hankali za ta riƙa raguwa, kada mu zaci aikin ya ɓaci. Inna Kulu ta ce ai ita dama ta san da walakin.

Munka dawo gida, na koma bakin aikina. Damina ta faɗi, gero ya kai gwiwa. Wata rana da azahar ina cikin awo sai ga Inna Kulu ta faɗo ɗakin ba sallama, takalmi ƙafa ɗaya, goyo a baya, Saratu na biye da ita.

"Malama, duba min shi. Ba ni jin shi. Tun ɗazu ba ni jin komi."

Na kwance zanen, na kwantar da shi. Barci yake. Kansa a miƙe kamar na kowane yaro, leɓe jawur, ƙirjin mai tabon ɗinki na hawa yana sauka, ba gurnani ba fito. Na kama hannun tsohuwa na ɗora mata bisa cikinsa. Ta daɗe a haka, sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Tun da ta san jikanta ba ta taɓa jin shirunsa na lafiya ba.

Da ta share ido, sai ta ce tun da sun zo, a yi masa sauran alluran da anka tsallake. Ita ta riƙe cinyar, ta kuma sa na nuna mata kwalbar ciki da baya kafin in zuƙa. Na juya ga Saratu na ce, to uwar Bello, ya jikin nasa? Ta ja mayafi ta koma kallon bango, ta ce in tambayi Inna. Amma ina hango gefen bakinta, murmushi take.

To ku ji abin da na ɗauka daga wannan. Mutanenmu ba kasafai suke yi mana ƙarya ba. Kowa na faɗin daga inda ya fara gani ne, kuma mai zarginku sau da yawa tsoro ne ke cinsa. Injin hoto ya gano jijiyar, likitoci sun gyara ta, Allah shi saka musu. Amma ba wanda zai kai yaron gaban inji da uwarsa ba ta buɗe baki ba. In anka kawo muku ɗan fari, ku gaida mai goyo, ku saurare ta da ladabi, ku rubuta abin da ta ce. Sannan ku nemi dabarar da za ku keɓe da wadda ke bakin ƙofa tana kallon bango, don ita ce ba ta yi barci ba.